Heike Kamerlingh Onnes: Mutumin da ya kunna wutar da ba ta ɗaukewa

Ni ɗan Ƙanƙara ne, kuma tun da na shiga jami'a abokaina ba su bar ni na huta da tsokana ba. Da zarar zafi ya tsananta, ballantana a watan azumi, sai ka ji wani yana cewa in miƙo masa garinmu ya jefa a zoɓo. Na saba, har ma nakan taya su dariya. To yau dai na samo wanda ya fi mu cancantar sunan. Bature ne ɗan ƙasar Holan, ya mutu tun 1926, kuma ya kwashe sama da shekara 40 yana neman abu ɗaya tak: sanyi.

Ba irin sanyin hunturu da ke hana mu wankan asuba a Faskari ko Sabuwa ba. Ruwa yana zama ƙanƙara a digiri 0. Firizar masu sayar da ƙanƙara, in an samu wuta, takan kai digiri 18 ƙasa da sifili. Shi wannan mutumin sai da ya sauka har digiri 269 ƙasa da sifili, ya ma wuce. A can ne ya ci karo da abin da ba wanda ya taɓa gani: wayar da lantarki ke bi ba tare da ya gaji ba, da zoben da in ka saka masa wuta za ta yi ta zagayawa babu batir, babu janareta, babu sola.

Ɗan mai bulo

An haifi Heike Kamerlingh Onnes ranar 21 ga Satumba, 1853, a garin Groningen da ke arewacin Holan. Mahaifinsa, Harm, yana da masana'antar gasa bulo da tayil na rufin gida. Wato yaron ya tashi yana ganin yadda ake tafiyar da ma'aikata da injina, kuma wannan ya bi shi har tsufansa. Ba mai ƙoshin lafiya ba ne, ƙirjinsa ya dame shi tsawon rayuwarsa, amma kansa yana ja.

Ya shiga Jami'ar Groningen a 1870. Shekara ɗaya bayan haka ya tafi Heidelberg ta Jamus, inda ya yi karatu a hannun Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff. Duk wanda ya yi kimiyya a sakandare ya san waɗannan sunaye: na farko shi ne mai ɗan murhun gas na ɗakin gwaji, na biyu kuma dokokinsa na lantarki sun sa da yawa cikinmu gumi a jarrabawa. Ya dawo gida a 1873, ya kammala digirin digirgir a 1879 da bincike a kan sababbin hujjojin juyawar duniya. Ya yi aiki na ɗan lokaci a makarantar fasaha ta Delft, sannan a 1882, yana da shekara 29, aka ba shi kujerar farfesan fiziks a Jami'ar Leiden.

A laccarsa ta kama aiki ya bayyana aƙidar da zai rayu a kai: ilimi ba ya samuwa sai ta hanyar awo. Ka auna, ka sake aunawa, sannan ka buɗe baki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Tseren neman ƙarshen sanyi

Zafi ba shi da iyakar da muka sani a aikace, amma sanyi yana da maƙura. Ita ce digiri 273.15 ƙasa da sifili, kuma babu abin da zai iya sauka ƙasa da nan. A ƙarshen ƙarni na 19 masana a Turai sun shiga tseren kusantar wannan maƙura, kuma hanyar ita ce mayar da iska ta zama ruwa. Kamar yadda tururin tukunya ke komawa ruwa a jikin murfi, haka kowace iska take in ta ji sanyin da ya ishe ta. Sai a yi amfani da ruwan wannan iskar a sanyaya wata da ta fi ta taurin kai, mataki bayan mataki, kamar hawa tsani amma ana yin ƙasa.

Babban abokin hamayyar Onnes shi ne James Dewar na Landan. Kun san shi ko da ba ku san sunansa ba, domin fulas ɗin shayin da ke gidajenmu daga ƙirƙirarsa ya samo asali. Dewar haziƙi ne, amma mutum ne mai ɓoye sirrin aikinsa, mai yawan rigima da abokan sana'a.

Ana cikin tseren sai Onnes ya gamu da cikas daga inda bai zata ba. Hukumomin Leiden suka samu labarin cewa yana tara iskar gas mai iya fashewa a tsakiyar gari. Kuma suna da dalilin tsorata: a Janairun 1807 wani jirgin ruwa maƙare da albarushi ya tarwatse a garin, ya kashe mutum 151, kuma ɗakin gwajin Onnes yana kan filin da wancan bala'i ya share. Aka tsayar da aikin. Aka shiga kwamiti bayan kwamiti, ba a ba shi izinin ci gaba ba sai a 1898. A wannan shekarar ce kuma Dewar ya riga shi mayar da iskar haidirojin ruwa.

Wani da ya ce shi ke nan, an gama da shi. Onnes bai yi gaggawar rama kayen ba. A 1901 ya kafa makarantar horar da masu ƙera kayan awo da masu hura gilashi a cikin ɗakin gwajinsa. Samari ne 'yan gari, ana yi musu laƙabi da shuɗin kayan aikin da suke sakawa. Su ne ke haɗa famfo, su yi walda, su lanƙwasa bututun gilashi yadda ake so. Shugabansu, Gerrit Flim, ba farfesa ba ne, amma babu injin da ke tashi a wurin sai da hannunsa. Makarantar nan tana nan tana aiki a Leiden har yau.

Sai a 1906 Onnes ya samu ruwan haidirojin, shekara takwas bayan Dewar. Bambancin shi ne nasa injin yana fitar da shi lita-lita, a duk ranar da aka buƙata. Saura iska ɗaya da ta gagari kowa: hiliyom.

Ranar 10 ga Yuli, 1908

Hiliyom ma samunta aiki ne, domin sai a 1895 aka fara gano ta a doron ƙasa. Ƙanin Onnes, mai suna Onno, wanda ke harkar kasuwanci a Amsterdam, shi ya nemo masa buhunan wani irin yashi daga jihar North Carolina ta Amurka. Ma'aikatan suka yi watanni suna gasa yashin suna tace iskar da ke fita, har suka tara lita 360.

Ranar gwajin an fara tun kafin ƙarfe shida na safe. Aka yi ta juya iskar a cikin injin, rana ta take, la'asar ta yi, babu abin da aka gani. Onnes ya ƙi barin wurin ko don cin abinci, sai matarsa Betsy ce ta riƙa ba shi burodi a baki yana tsaye kan aiki. Da yamma ma'aunin sanyi ya tsaya cak a wuri ɗaya ya ƙi sauka, ga ruwan haidirojin da ake sanyayawa da shi ya kusa ƙarewa. Sai wani farfesa da ya leƙo kallo, Schreinemakers, ya ce kamar dai ma'aunin yana tsome ne a cikin ruwa. Aka haska kwalbar daga ƙasa. Ashe ruwan yana ciki tun ɗazu, tsabar haskensa ce ta sa ido bai gan shi ba. Bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba. Shekara 26 ke nan da zuwansa Leiden.

A lokacin nan Sarki Muhammadu Dikko bai daɗe da hawa gadon sarautar Katsina ba. Daga ranar kuwa har zuwa 1923, lokacin da aka yi irinsa a Toronto ta Kanada, babu inda ake samun ruwan hiliyom a duniya sai ɗakin Onnes. Duk mai son gwaji a irin wannan sanyi sai ya zo Leiden, kuma Onnes yana buɗe wa baƙi ƙofa.

Ranar da turjiya ta ɓace

Kun lura cajar waya tana ɗumi in ta daɗe a soket? Ko wayar ayan ta yi zafi? Dalili shi ne kowace waya tana yi wa lantarki turjiya. 'Yan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar, waɗanda ake kira ilektiron, suna ta karo da juna da jikin ƙarfen, kamar mai ratsa kasuwar Sheme ranar cin kasuwa. Ƙarfin da ya tafi a wannan turereniya shi ke zama zafi, kuma asara ce.

Tambayar da ta raba kan masana a lokacin ita ce: me zai faru da turjiyar nan in an kusanci maƙurar sanyi? Lord Kelvin, babban malami a Birtaniya, yana ganin ilektiron ɗin ma za su daskare, wuta ta daina wucewa gaba ɗaya. Wasu na ganin turjiyar za ta yi ta raguwa a hankali. Onnes ya ce a auna. Ya zaɓi zaiba, saboda ana iya tace ta ta fita tas babu gauraye.

Ranar 8 ga Afrilu, 1911, aka sanyaya zaren zaiba a cikin ruwan hiliyom. Wani matashin mataimaki, Gilles Holst, yana wani ɗaki yana karanta ma'auni. Turjiya ta faɗi ƙasa warwas. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a shekarar sun nuna ba a hankali take raguwa ba: ana kaiwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili take ɓacewa lokaci guda, kamar an ɗauke wuta. Daga baya aka ga dalma da kuza ma suna yin haka, kowanne da nasa matakin sanyi. Irin waɗannan ƙarafa, in sun shiga wannan hali, su ake kira sufakondakta.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa, domin tarihin mutum ba yabo kaɗai ba ne. Onnes ya wallafa sakamakon da sunansa shi kaɗai. Holst, wanda idonsa ne ya fara ganin abin, godiya kawai ya samu. Haka al'adar wurin take a lokacin, amma marubuta tarihi da dama na ganin ba a kyauta masa ba. Holst ya bar Leiden, ya zama shugaban farko na sashen bincike na kamfanin Philips. Ɗaliban da suka taɓa yi wa wani babba aiki aka manta da sunansu sun san yadda abin yake a rai.

A 1913 aka ba Onnes kyautar Nobel ta fiziks, saboda bincikensa kan halin abubuwa a tsananin sanyi da samar da ruwan hiliyom.

Zoben 1914

Nan da nan Onnes ya hango amfani. Tun da wayar ba ta zafi, ai za a iya naɗa ta a tura mata wuta mai yawa a samu maganaɗisu mai ƙarfin da ba a taɓa yi ba. Ya bayyana wannan buri a 1913. Shekara na zagayowa gwajinsa da kansa ya karya masa gwiwa: ya gano cewa ƙarfin maganaɗisu ɗan kaɗan ya isa ya mayar da dalma ƙarfe na yau da kullum, turjiya ta dawo. Bai ɓoye ba, ya wallafa.

Amma a cikin 1914 ɗin, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa aka samu Najeriya, ya yi gwajin da ni ya fi burge ni. Ya naɗa siririyar wayar dalma, ya haɗe bakinta biyu ta zama zobe rufaffe. Ya ajiye ta a tsakanin maganaɗisu, ya sanyaya ta da ruwan hiliyom, sannan ya janye maganaɗisun.

Ga abin da ke faruwa. Duk lokacin da ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa ramin zobe ya canja, wuta takan taso a jikin zoben don ta hana canjin. Da wannan ƙa'idar janareta ke aiki. A zoben tagulla wutar takan mutu kafin ƙiftawar ido, turjiya ta cinye ta. A zoben Onnes babu abin da zai cinye ta. Ya ajiye allurar kamfas kusa da kwalbar, allurar ta karkata, ta tsaya a karkace. Awa ɗaya, awa biyu, tana nan. Wutar ba ta tsaya ba sai da hiliyom ya ƙare dalmar ta ɗumama. Zoben ya kama ƙarfin maganaɗisun da ke raminsa ya riƙe gam.

A 1932, bayan mutuwar Onnes, Flim ya saka zoben dalma mai ɗauke da wuta amfiya 200 a cikin fulas na hiliyom, ya hau jirgin sama da shi zuwa Landan. Aka nuna wa jama'a a zauren da Dewar ya yi aikinsa, wutar na nan tana zagaye.

Abin da bai rayu ya gani ba

Onnes ya yi ritaya a 1923. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa ya sa hannu a aikin taimakon yaran da yunwa ta addaba a ƙasashen Turai, ya kuma yi ƙoƙarin sasanta masanan da yaƙi ya raba. Ya mutu a Leiden ranar 21 ga Fabrairu, 1926, yana da shekara 72, ya bar mata da ɗa ɗaya, Albert. Ya tafi bai san dalilin da ya sa turjiyar ke ɓacewa ba. Sai a 1957 wasu Amurkawa uku, Bardeen da Cooper da Schrieffer, suka warware: a irin wannan sanyi ilektiron na haɗuwa bibbiyu, dukansu su tafi da taki ɗaya kamar 'yan fareti, babu mai karo da wani.

Da aka ƙanƙanta zoben kuma, sai wani sabon abin mamaki ya fito. Fritz London, Bajamushen da mulkin Hitila ya kora daga ƙasarsa, ya yi hasashen cewa zoben ba ya riƙe kowane adadi na ƙarfin maganaɗisu. Yana riƙe shi ne ƙwaya-ƙwaya. Gari za ka iya cewa a ƙara maka ɗan kaɗan, amma ƙwai sai dai ɗaya, biyu, uku, babu mai sayar maka da ɗaya da rabi. A 1961 ƙungiyoyi biyu, Deaver da Fairbank a Jami'ar Stanford ta Amurka, da Doll da Näbauer a Jamus, suka gwada da 'yan bututun da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Suka tarar haka ne. Sai dai girman ƙwayar rabin abin da London ya lissafa ne, kuma wannan rabin shi ya tabbatar cewa lallai bibbiyu ilektiron ɗin ke tafiya.

To in ka tura wa ɗan zoben ƙarfin da bai cika ƙwaya ba fa? Sai ya tayar da wuta a jikinsa ya cike giɓin, ko ya rage rarar, har lissafi ya koma cikakke. In ƙarfin ya haura rabin ƙwaya, wutar sai ta juya ta bi ɗaya hannun. A 1962 William Little da Ronald Parks suka nuna cewa har matakin sanyin da zoben ke zama sufakondakta yana hawa yana sauka daidai da wannan ƙidaya.

Daga nan aka ƙera ɗaya daga cikin ma'aunan maganaɗisu da suka fi ji a duniya, ɗan zobe ne mai 'yar tsaga a jiki, yana iya jin ɗan ƙarfin da ƙwaƙwalwar mutum ke fitarwa. Yawancin manyan na'urorin MRI, waɗanda ake tura marasa lafiyarmu har Katsina ko Kano ko Zariya don a ɗauki hoton cikin jikinsu, zoben Onnes ne a cikinsu: naɗin waya a ruwan hiliyom, an saka masa wuta an rufe, tana ta zagaye. Burinsa na 1913 ya cika ne bayan 1961, da aka gano gaurayen ƙarafa masu jure maganaɗisu mai ƙarfi. Sababbin kwamfutocin kwantum da Google da IBM ke ginawa su ma da irin waɗannan 'yan da'irori suke aiki.

Kada wani ya ce to me ya hana a ja mana irin wayar nan zuwa Sabuwa mu huta da matsalar wuta. Har yanzu sai da tsananin sanyi take aiki, kuma sanyin tsada gare shi. A 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun ce sun samo wani abu mai suna LK-99 da ke yin haka a zafin ɗaki. Twitter ta ɗauka, bidiyo ya yi ta yawo, har da masu cewa duniya ta canja. Cikin 'yan makonni wasu ɗakunan gwaji suka auna, suka tarar ba haka ba ne. A matsayina na ɗalibin aikin jarida, nan ne aƙidar tsohon nan ta fi shiga ta: kafin ka tura, wa ya auna?

Mu kuma fa?

Duniya ta fara jin sunan Ƙanƙara sosai ne a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Abin da labaran ba su cika tsayawa a kai ba shi ne, yaran nan kimiyya suka je koyo. Na san ƙannenmu da yawa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da rashin tsaro ya katse wa karatu, wasu zango guda, wasu shekaru. Ba zan haɗa halin da suka shiga da na farfesan da aka rufe wa ɗakin gwaji ba, nasu ya fi nauyi ƙwarai. Abin da nake so su gani kawai shi ne, wanda aka tsayar, aka kuma riga shi da shekara takwas, shi ne ya isa ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu kuma, mu daina raina mai aikin hannu. Dewar ya fi Onnes suna a farko, amma Onnes ya fi shi mutane. Ba don Flim da samarinsa masu shuɗin kaya ba, da babu ruwan hiliyom, babu zobe. Mai naɗin kwayil ɗin fanka a bakin tasha, da mai gyaran waya, da mai walda, irin hannunsu ne ya gina ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a duniya. In kana da ƙane mai kwance rediyo ya mayar, kar ka kore shi, ka nema masa inda zai ƙara sani.

Abokaina masu tsokana kuma, na yafe muku. Ku dai sani akwai ƙanƙarar da ta fi ta zoɓo daraja. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.